Tambayoyi da Amsoshi Kan Yi wa Injin Rumbun Bayanan Sabar Imel Faci

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga bakin masu kula da kwamfutoci a kamfanoni, makarantu da ofisoshi na Gombe da kewayenta, waɗanda aka damƙa wa sabar imel ta Microsoft Exchange, kuma galibinsu mutum ɗaya ne ke riƙe da komai, tun daga firinta har zuwa ɗakin saba. An yi amfani da kalmar faci, wadda kowa ya sani daga wurin masu gyaran taya, domin nufin gyaran da kamfanin da ya ƙera manhaja yake fitarwa don toshe ɓaraka ko kawar da kuskure.

1. Mene ne injin rumbun bayanai, kuma a ina yake zaune a cikin sabar imel?

Duk saƙon da ya shigo akwatin ma'aikaci, da kalandarsa, da sunayen abokan hulɗarsa, suna kwance ne a cikin wani babban fayil mai ƙarshen suna .edb, wanda shi ne rumbun bayanai. Manhajar da take rubutu a cikin wannan fayil, take karantawa daga cikinsa, take kuma tabbatar da cewa bai hargitse ba, ita ce injin rumbun. A Exchange sunanta Extensible Storage Engine, a taƙaice ESE, kuma tsofaffin ma'aikata suna kiranta JET Blue. Tun fitowar Exchange 4.0 a 1996 wannan injin ne yake ɗauke da akwatunan saƙo, kuma a farkon 2021 Microsoft ya buɗe rubutun manhajar injin a shafin intanet na GitHub ga duk mai son dubawa.

Injin yana yanka rumbun gida-gida, kowane gida ana ce masa shafi, kuma daga Exchange 2010 zuwa yau girman kowane shafi kilobait 32 ne. Kowane shafi yana ɗauke da lambar tantancewa da injin yake lissafawa a lokacin rubutu, ya sake lissafa ta a lokacin karatu, ta yadda idan an sami saɓani zai gane cewa wani abu ya taɓa shafin. Amsa ta 13 ta yi bayanin abin da ke biyo bayan irin wannan saɓani.

2. Za a iya yi wa injin faci shi kaɗai, ba tare da an taɓa sauran Exchange ba?

A'a. Exchange yana zuwa da nasa kwafin injin a cikin fayil ɗin ese.dll, kuma duk gyaran da aka yi masa yana isowa ne a ƙunshe cikin sabuntawar Exchange gaba ɗaya. Windows ma tana da nata kwafin, esent.dll, wanda Active Directory, wato kundin asusun ma'aikata da kwamfutocin ofis, da wasu sassan Windows suke amfani da shi, kuma facin Windows ne yake gyara wannan. Saboda haka sabunta Windows ba ya wadatar da Exchange, haka nan sabunta Exchange ba ya wadatar da Windows.

Wani lokaci akan ji shawarar a kwafo ese.dll daga wata saba mai lafiya a ɗora a kan wadda ta lalace. Wannan shawara ce da ba ta dace a bi ba ko kaɗan, domin injin yana aiki ne kafaɗa da kafaɗa da wasu fayiloli masu yawa da aka gina su tare, kuma cusa baƙon fayil a tsakaninsu yana iya sa rumbun ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗu yana rubutu ba daidai ba, wanda shi ne ma ya fi muni tunda ba a ganewa da wuri.

3. Mene ne bambanci tsakanin CU da SU?

CU, wato Cumulative Update, ita ce babbar sabuntawa, kuma a haƙiƙa sabon girki ne na Exchange ɗungurungum: tana cire tsohon ginin ta dasa sabo, ta bar rumbuna da akwatunan saƙo a inda suke. Fayil ɗinta ya kai wajen gigabait 6, aikinta yana iya cin sa'o'i, kuma wasu daga cikinsu suna sauya tsarin Active Directory kafin su shiga. SU kuwa, wato Security Update, facin tsaro ne, ƙarami, wanda ake fitarwa idan an gano kafar da masu kutse za su iya bi. Akwai na uku, HU, wanda yake gyara kurakuran da ba na tsaro ba ko ya kawo wani ƙari ba tare da an jira CU ta gaba ba.

Abin da yake yawan ruɗa mutane shi ne kowace SU an ɗinka ta ne daidai jikin wata CU. Idan sabar tana kan tsohuwar CU da aka daina tallafawa, babu facin tsaron da zai hau ta, sai an fara ɗaga ta zuwa CU da ake tallafawa, sannan a ɗora SU a kai. Sauƙin da ke ciki shi ne dukkansu tararru ne, wato ta ƙarshe ta ƙunshi duk waɗanda suka gabace ta, don haka ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. CU23 ita ce ta ƙarshe ga Exchange 2016, CU15 kuma ta ƙarshe ga Exchange 2019.

4. Sabarmu tana aiki lafiya shekara da shekaru. Me zai sa mu taɓa ta?

Wannan ita ce tambayar da shugabannin ofis suka fi yi, kuma amsarta tana cikin abin da ya faru a watan Maris na 2021. A ranar 2 ga watan Microsoft ya fitar da facin gaggawa kan jerin kafofin da aka sa wa suna ProxyLogon, waɗanda wata ƙungiyar kutse da ya kira Hafnium ta riga ta fara bi. Duk sabar da take fuskantar intanet ba tare da facin ba ta zama abin farauta, ba tare da maharin ya buƙaci kalmar sirrin kowa ba, kuma na'urorin da suke laluben intanet dare da rana ba sa tambayar ko saba a Landan take ko a Tudun Wadan Gombe. A cikin shekarar aka sake samun ProxyShell, a 2022 kuma ProxyNotShell. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma bangon saba yana iya tsagewa alhali saƙonni suna shiga suna fita yadda aka saba.

Akwai kuma wani abu da ake mantawa: faci yana toshe kafa ne kawai, ba ya korar wanda ya riga ya shiga. Masu kutsen 2021 sun riƙa barin ƙananan fayiloli a matsayin ƙofar baya, har ta kai a watan Afrilu na shekarar hukumar FBI ta nemi izinin kotu ta cire irin waɗannan fayiloli daga sabobin kamfanoni a Amurka. Duk wanda ya jima bai yi faci ba, wajibi ne ya binciki sabar da Microsoft Safety Scanner, ya duba asusun da bai san da su ba da dokokin tura saƙo waje. Idan ta tabbata an kwashi bayanan mutane, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 idan lamarin yana iya cutar da masu bayanan, kuma wannan hujja ce da shugaban ofis yake saurin fahimta fiye da maganar fasaha.

5. Yaya zan san matakin da sabarmu take?

Umarnin Get-ExchangeServer yana nuna CU ne kawai, ba ya nuna SU da aka ɗora a kanta, shi ya sa mutane da dama suke zaton facinsu bai hau ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce duba lambar ginin fayil ɗin ExSetup.exe, ko kuma a gudanar da HealthChecker, wanda Microsoft yake bayarwa kyauta, domin yana faɗin matakin sabar, da facin da ta rasa, da saitunan tsaron da ba a kammala ba. Ya kamata a gudanar da shi kafin aiki da bayan aiki, a ajiye sakamakon biyu.

6. Shin facin yana taɓa saƙonnin da ke cikin rumbu? Zai iya ɓata su?

Facin yana sauya manhaja ne, ba ya shiga rumbu ya sake rubuta saƙonni. Domin a gane inda haɗarin yake na gaskiya, sai an fahimci yadda injin yake rubutu. Idan saƙo ya shigo, injin ba ya garzayawa ya rubuta shi a cikin .edb nan take. Yana fara shigar da shi a cikin ƙaramin fayil na log mai girman megabait 1, ya riƙe sauyin a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai daga baya ya juye shi cikin rumbu. Misalinsa kamar ɗan kasuwar hatsi ne da yake rubuta kowane ciniki a ƙaramin littafin aljihu da rana, da dare kuma ya kwafe shi cikin babban kundi. Akwai wani ɗan fayil, E00.chk, wanda yake riƙe da alamar inda kwafewar ta tsaya.

Idan aka rufe rumbu cikin tsari, injin yana juye duk abin da ya rage, ya rubuta a goshin fayil ɗin cewa an rufe shi cikin tsabta. Idan kuwa wuta ta yanke ko aka kashe sabis da ƙarfi, babban kundin yana nan a baya, sauran cinikin yana cikin littafin aljihu, kuma muddin littafin yana nan babu abin da ya ɓata. A iya abin da na gani a aiki, ban ɗora laifin asarar saƙo a kan facin kansa ba. Abin da yake jawo asara shi ne faifan da dama can yana ciwo, ko wutar da ta yanke ana tsakiyar rubutu, ko hannun da ya goge log don neman sarari, ko gyaran gaggawa da aka yi cikin firgici. Amsoshi na 8, 12 da 13 sun ɗauki waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

7. Me ya kamata a tanada kafin a fara?

Na farko kuma mafi girma shi ne cikakken kwafin ajiya wanda aka ɗauka da manhajar da ta san Exchange, irin su Windows Server Backup, kuma aka gwada maido da shi. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Exchange yana ba da damar buɗe rumbun farfaɗowa na musamman a gefe, inda za a maido da kwafin a ciro akwati ɗaya a gani da ido ba tare da an taɓa rumbun da ake aiki da shi ba. Irin wannan kwafin ajiya yana da wani amfani na biyu, domin shi ne yake ba injin izinin share tsofaffin log da kansa. Idan aka ga log sun taru dubbai, alama ce cewa an jima ba a sami kwafin da ya kammala ba. Game da hoton gaggawa (snapshot) na sabar kwaikwayo da ake ɗauka a VMware ko Hyper-V, Microsoft ba ya tallafa wa amfani da shi ga Exchange, domin komawa gare shi yana mayar da sabar baya alhali Active Directory ta yi gaba.

Bayan haka sai a tabbatar da isasshen sarari a faifan C da faifan log, a duba cewa nau'in .NET Framework da ke kan sabar ya dace da CU da za a ɗora, a adana kwafin duk saitin da aka sauya da hannu a fayilolin web.config da makamantansu tunda CU tana iya mayar da su yadda suka zo, a sake kunna sabar domin kawar da duk wani aikin Windows da yake jira, sannan a dakatar da manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta na tsawon aikin. Idan CU ɗin tana buƙatar sauya tsarin Active Directory, asusun da za a yi aiki da shi dole ya kasance cikin rukunonin masu iko na Schema Admins da Enterprise Admins. Masu ɗaga Exchange 2019 zuwa CU14 ko sama su sani cewa tana kunna saitin tsaro na Extended Protection da kanta, wanda ba ya jituwa da na'urar da take kwance ɓoyon SSL a gaban saba ta miƙa mata saƙo a buɗe.

Fayil ɗin CU kuwa a sauke shi kwanaki kafin ranar aiki, daga shafin Microsoft kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle da irin layin intanet da yake yin sanyi a lokacin da aka fi buƙatarsa.

8. Mu da wuta ba ta da tabbas, yaya za mu yi aikin da yake cin sa'o'i?

A ƙasashen da aka rubuta littattafan Exchange wannan tambaya ba ta cika tasowa ba, amma a Gombe ita ce gaba da komai. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a fara faci a kan wutar gari ko da tana nan tun safe. A tayar da janareta tun kafin a fara, a zuba man da zai ninka tsawon aikin da aka ƙiyasta, a sanar da mai gadi ko mai kula da janareta cewa kada ya sauya layi ko da an kawo wuta, domin lokacin sauyin nan ne saba take yawan faɗuwa. Na'urar UPS a gwada ta da nauyin sabar a kanta, a ga minti nawa take ɗauka da gaske, saboda batirin da ya shekara biyu ko uku a ɗaki mai zafi yana iya nuna kore a fuska ya mutu cikin daƙiƙu.

Na taɓa zuwa wani ofis da aka fara CU bayan la'asar a kan inbata mai aiki da sola, ba tare da an lura cewa na'urar sanyaya ɗakin ma a kanta take ba. Rana tana faɗuwa batir ya ƙare, sabar ta mutu ana tsakiyar girki. Rumbun bai lalace ba, tunda girkin ya riga ya rufe shi, amma an kwana biyu ana ɗinke Exchange ɗin. Zafin Maris da Afrilu ma abin lura ne, haka ƙurar hunturu da take toshe fankokin saba, domin lokacin girki sabar tana aiki tuƙuru, kuma saba mai kare kanta daga zafi tana kashe kanta ba tare da sallama ba.

Akwai wani sashe da ba a cika dubawa ba, wato ƙaramin batirin da ke kan katin RAID, mai sarrafa faya-fayan saba. Katin yakan karɓi rubutu ya ce wa injin an rubuta alhali abin yana cikin ƙwaƙwalwarsa bai sauka a faifai ba. Idan batirinsa ya mutu kuma aka bar wannan saiti a kunne, yankewar wuta tana iya haɗiye rubutun da injin ya riga ya ɗauka ya tabbata, kuma daga nan ne ake samun lalacewar da log ba ya iya gyarawa.

9. Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Microsoft yana fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta wata, wanda yake faɗowa da misalin ƙarfe 6 ko 7 na yamma agogon Najeriya, ko da yake ba kowane wata Exchange yake samun nasa ba. Idan sanarwar ta ce ana riga ana kai hari ta kafar, a yi facin a daren ko washegari. Idan ba haka ba, jinkirin kwana biyu ko uku don a ji abin da wasu suka tarar ba laifi ba ne, domin a Nuwamban 2024 sai da Microsoft ya janye wata SU da ta riƙa dakatar da dokokin tace saƙo, ya sake fitar da gyararriya a ƙarshen watan. Ga CU kuwa na fi son safiyar Asabar a kan yammacin Juma'a, saboda mutum yana da ƙarfinsa, kasuwa tana buɗe idan an buƙaci mai ko batir, kuma ga Lahadi a gaba. A guji ƙarshen wata lokacin da sashen kuɗi yake haɗa albashi.

10. Yaya aikin yake bambanta tsakanin mai saba ɗaya da mai rukunin sabobi?

Mai saba ɗaya ba shi da mafita face ya sanar da ma'aikata cewa imel zai tsaya, ya bar layin saƙonni ya zube, ya rufe rumbuna cikin tsari, ya tabbatar da umarnin duba rumbu, eseutil /mh, cewa kowanne yana nuna Clean Shutdown, wato an rufe shi cikin tsabta, sannan ya fara. Saƙonnin da aka aiko daga waje a wannan tsakani ba sa ɓata, domin sabobin masu aikowa sukan riƙe su suna sake gwadawa na tsawon lokaci.

Mai rukunin sabobi da ake kira DAG, wanda yake iya ɗaukar sabobi har 16 masu riƙe da kwafin rumbu ɗaya, yana yin aikin ne ɗaya bayan ɗaya ba tare da imel ya tsaya ba. Ana saka saba ta farko cikin yanayin gyara, a karkatar da saƙonnin da ke layinta zuwa 'yar'uwarta, a kwashe rumbunan da suke buɗe a kanta, a hana su dawowa, sannan a yi facin, a sake kunna ta, a fitar da ita daga yanayin gyara, a jira har Get-MailboxDatabaseCopyStatus ya nuna kwafinta sun kamo na gaba kafin a taɓa ta biyu. Masu sabobi biyu su kula da sabar shaida, wato kwamfuta ta uku mai raba gardama tsakanin biyun, domin idan ita ma ta mutu alhali ɗaya tana cikin gyara, wadda ta rage tana iya rasa rinjaye ta rufe rumbunanta. Kada kuma a bar rukunin ya daɗe rabi a sabon gini rabi a tsoho.

11. Girkin ya tsaya a tsakiya, ko ya gama amma shafin imel na burauza ba ya buɗewa. Me za a yi?

A fara da karanta ExchangeSetup.log da ke cikin C:\ExchangeSetupLogs, daga ƙasa zuwa sama, har a kai ga kuskuren farko. Idan CU ce ta katse, girkin yana barin alamar inda ya tsaya, kuma sake gudanar da shi bayan an kawar da sanadin yakan ci gaba daga nan. Idan SU ce ta katse, sau da yawa takan bar sabis-sabis na Exchange a kashe, sai an mayar da su yadda suke kafin a sake ɗora ta.

Mutuwar shafin burauza bayan SU tsohuwar cuta ce da ta samo asali daga danna fayil ɗin .msp sau biyu ba tare da cikakken ikon mai gudanarwa ba: girkin yakan nuna ya kammala alhali bai iya sauya wasu fayiloli ba. Maganinta shi ne sake ɗora facin daga tagar umarni da aka buɗe da cikakken iko, sannan a gudanar da UpdateCas.ps1 da UpdateConfigFiles.ps1 idan da buƙata. Tun Mayun 2022 Microsoft yake fitar da SU a fayil na .exe mai neman ikon da kansa, wanda ya rage wannan matsala ƙwarai. A duk waɗannan yanayi rumbun yana nan lafiya, don haka babu dalilin kai masa hannu.

12. Rumbun ya ƙi buɗuwa, eseutil /mh yana nuna Dirty Shutdown. Saƙonninmu sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba. Kamar yadda amsa ta 6 ta bayyana, wannan rubutu yana nufin akwai cinikin da yake cikin log bai shiga babban kundi ba, kuma a bisa al'ada injin da kansa yake juye shi a lokacin buɗe rumbu. Idan ya kasa, akwai abin da ya hana shi: faifan log ya cika, ko harafin faifai ya sauya bayan sake kunnawa, ko riga-kafi ya kama wani log ya killace, ko wani ya goge. Kafin a taɓa komai a kwafe .edb da dukkan log zuwa wani faifai daban, ko da hakan zai ci sa'o'i kuma waya tana ta ƙara.

Daga nan a duba layin Log Required a sakamakon /mh domin sanin log ɗin da ake buƙata, a tantance lafiyarsu da eseutil /ml, sannan a gudanar da eseutil /r tare da haruffan farkon sunan log ɗin, misali E00. Wannan ita ce farfaɗowa mai taushi, wadda ba ta zubar da komai. A yi amfani da eseutil na ginin Exchange ɗin da rumbun ya fito daga gare shi. Idan wani log da ake buƙata ya ɓace, hanya ta gaba ita ce kwafin ajiyar da aka yi magana a kansa a amsa ta 7.

13. An ce eseutil /p yana gyara kowane rumbu. Me ya sa ake hana mu amfani da shi?

Domin gyaransa na yanka ne. Idan ya tarar da shafin da ya lalace kuma ya kasa fahimtarsa, yana cire shi ya ɗinke abin da ya rage, ba tare da ya san ko shafin saƙon gaisuwa ne ko takardar kwangila ko ginshiƙin da akwati guda yake tsaye a kai ba. Rumbun zai buɗu, shugaba zai yi murna, bayan mako biyu kuma a fara kawo ƙarar manyan fayiloli da ba sa buɗewa. Garin gyaran gira ake rasa ido. Wurinsa ɗaya ne tak: lokacin da babu kwafin ajiya, babu kwafin DAG, farfaɗowa mai taushi ta gaza, kuma an riga an adana kwafin fayil ɗin a gefe. Ko a nan ma, da zarar rumbun ya buɗu sai a ƙirƙiri sabo a kwashe akwatunan zuwa cikinsa, a yi watsi da gyararren, a kuma bi akwatunan da New-MailboxRepairRequest.

Kuskuren da ya fi kai mutane ga wannan umarni shi ne -1018, wanda yake nufin lambar tantancewar wani shafi ba ta dace da abin da ke cikinsa ba. Kusan kullum asalinsa faifai ne, ko katin RAID, ko direbansa, ko yankewar wuta irin wadda amsa ta 8 ta ambata. Facin bai haifar da shi ba, sake kunnawar ce kawai ta tona shi. A rukunin DAG, tun daga Exchange 2010, injin yana yin wani faci nasa na daban, inda yake aro lafiyayyen shafin daga wani kwafi ya maye gurbin lalataccen ba tare da kowa ya sani ba. Mai saba ɗaya ba shi da wannan gata, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa Microsoft ya ba da shawarar kada rumbun da ba shi da kwafi ya wuce gigabait 200, don maido da shi ya yiwu cikin lokaci mai ma'ana.

14. Idan facin ya kawo matsala, za a iya cire shi?

SU da HU ana iya cire su, ko da yake cire facin tsaro yana sake buɗe kafar da ya toshe, saboda haka an fi son a nemi gyaran wucin gadi da Microsoft yakan wallafa. CU ba ta ciruwa: duk wanda ya cire ta ya cire Exchange ne gaba ɗaya daga sabar, kuma sauyin da ta yi wa tsarin Active Directory ba ya komawa baya. Idan sabar ta lalace fiye da gyara, ana gina wata da suna iri ɗaya a gudanar da girki da /Mode:RecoverServer, wanda yake ɗauko saituna daga Active Directory, sannan a haɗa ta da rumbunan.

15. Saƙonni sun maƙale a layi bayan sabuntawa. Rumbun ne?

Ba lallai ba ne. Layin saƙonni yana da nasa ƙaramin rumbu, mail.que, wanda shi ma ESE ne yake tafiyar da shi, kuma idan sararin faifansa ya yi ƙaranci Exchange yana rage karɓar saƙo da gangan don kare kansa. Fayilolin da girki ya baza a faifan C suna iya jawo hakan. Wani lokaci kuma injin ne daban gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a ranar 1 ga Janairun 2022, lokacin da sabobin Exchange 2016 da 2019 a faɗin duniya suka daina isar da saƙo saboda lambar sabuntawar injin binciken ƙwayoyin cuta, 2201010001, ta zarce 2,147,483,647, wato iyakar abin da gurbin da aka tanadar mata yake iya ɗauka. Rumbunan akwatuna ba su sami ko ƙwarzane ba a ranar.

16. Har yanzu muna kan Exchange 2016 ko 2019. Ina muka dosa?

Tallafin gama-gari na dukkansu biyu ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, kamar yadda na Exchange 2013 ya ƙare a Afrilun 2023, na 2010 kuma a Oktoban 2020. Magajinsu shi ne Exchange Server Subscription Edition, wanda ya fito a Yulin 2025 kuma ake biyan kuɗinsa bisa tsarin rajista mai sabuntuwa. Mai Exchange 2019 da yake kan CU14 ko CU15 yana iya hawa kansa a kan sabar da yake da ita, kamar yadda ake ɗora CU, tare da duk shirin da amsoshi na 7 da 8 suka zayyana. Mai 2016 kuwa sai ya gina sabuwar saba ya kwashe akwatuna zuwa sababbin rumbuna, wanda aiki ne na makonni amma yana da ribar barin tsohon .edb da duk tabon da ya tara.

Ga ofishin da yake da saba ɗaya, ma'aikacin kwamfuta ɗaya da janareta ɗaya, ra'ayina shi ne a zauna da shugabanni a auna komawa Exchange Online ko wani mai ba da hidimar imel, inda facin injin ya zama nauyin wani. Wannan ma yana da nasa tsada, tunda farashinsa yana bin canjin dala kuma komai yana rataye a kan layin intanet, sannan wasu hukumomi suna da ƙa'idojin da suka shafi inda za a ajiye bayanansu. Lissafin da za a kai teburin shugaba ya haɗa kuɗin lasisi, da man janareta na shekara, da batiran UPS, da faifan ajiya, da adadin kwanakin da ofishin zai iya jurewa babu imel idan rumbu ya ƙi buɗuwa ranar Litinin da safe.